Dariyar da ke Ƙarshen Faifai

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu tafiya. Ya cika ranar wata Laraba da hantsi, a tsakiyar rani, a gidansa da ke Unguwar Shanu. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Kwana uku ana zaman makoki. Maza suna ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, mu mata muna ciki, ni kuwa na zaɓi gindin tagar zaure don in ji abin da ake faɗa a kansa. Liman ya ce shekara talatin bai taɓa jin Kawu ya ɗaga murya ba. Telan da ke kusurwar layinmu ya ce shi abin da ba zai manta ba, ranar da ya kai masa ɗinki Kawu ya sa shi cire takalmi a ƙofar ɗaki kamar zai shiga masallaci. A cikin gida kuma wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Allah sarki, mai ba ƙarfe ruwa ya tafi." Mata suka yi 'yar dariya cikin kuka.

Sai na ji muryar Yaya, ɗan Kawu tilo, yana karɓar gaisuwar manyan ofishinsu. "Alhamdu lillahi, mun yi iya ƙoƙarinmu," in ji shi. "Ko ɗakinsa sai da na gyara masa tsaf kafin ya cika." Suka ce Allah ya yi albarka, ya yi wa mahaifi gata.

Ina wannan rubutu don kada a manta da Kawu, kuma don kada a manta da wannan gyaran ɗakin. Kawu mutum ne mai yafiya. Na gaji abubuwa da yawa a wurinsa, ban gaji wannan ba.

Kawu yayan Ummata ne. Da mahaifina ya rasu ina 'yar shekara shida, shi ya ɗauko mu ni da ita ya ba mu ɗaki biyu a gidansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana har ya bar duniya. Ya yi aiki a wani gidan rediyo, a ɗakin da ake ajiye faya-fayan garmaho. Da zamani ya juya aka daina amfani da su, aka jibge su a bayan gini ana shirin ƙonawa, sai ya nemi izini ya kwaso abin da ya iya a bayan akori-kura. Sun kusa ɗari uku. Su ne abokan zamansa bayan ritaya, kuma babban abokin gabarsa shi ne abin da yake kira wutar ɓoye.

Ita ce wutar nan da ke yin ƙas-ƙas idan mutum ya tuɓe rigar nailan da rani, ko ta tsunkule shi in ya taɓa ƙofar mota. Ranar da ya fara nuna mini ita, ya ɗauki wani faifai da ya riga ya lalace, ya goge shi da busasshen tsumma, ya riƙe shi a saman hannuna. Sai na ga gashin hannuna ya miƙe tsaye.

"Kin gani, Uwata?" ya ce. "Yadda ya ja gashinki, haka yake jan datti cikin layukansa. Allura ta zo wucewa ta yi tuntuɓe, ita wutar kuma ta yi tsalle, ke ki ji kamar ana toya ƙosai a bayan mawaƙi."

Duk tsarin ɗakinsa na yaƙi da ita ne. Randa biyu cike da ruwa a kusurwa, a buɗe, don iska ta yi laushi. Jiƙaƙƙen buhu a taga idan rani ya yi tsanani. Ƙasa siminti ce zalla, ba leda ba darduma. Wanda zai shiga sai ya cire takalmi, ya kama ƙarfen taga ya ƙirga uku. Mai hijabin nailan sai ta sauya da zanen atamfa, ko da ko Umma ce, kuma sun sha yin cacar baki a kan haka. A kan farantin garmahon ya shimfiɗa jemammiyar fatar akuya da ya sa dukawa suka yanka masa a Babbar Kasuwa. Daga bayan garmahon kuma wata siririyar waya ta bi ta taga zuwa wani rodi da ya kafa a ƙasa, don wutar ta sami hanyar gudu. Kullum da safe sai ya zuba wa rodin nan buta ɗaya, saboda busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta. Mutanen layi suka riƙa tambayarsa yaushe ƙarfen zai yi tsiro. Yakan ce musu, "Ku dai ku riƙa leƙowa."

Wankin faifai kuwa sai da ruwan sama. Ruwan famfo da na burtsatse suna barin farin gishiri a cikin layuka. Ruwan farko da na biyu na wanke kwanon rufi ne, sai na uku yake tara, ya tace da farin ƙyalle, ya cika jarkoki huɗu da za su kai shi wata daminar. Ɗigon sabulun ruwa ɗaya, buroshi mai laushi yana bin layi, a ɗauraye, a jera a tsaye a inuwa. Idan ya bushe sai a sa shi a rigar takarda da ya yanka da hannunsa ya rubuta suna a kai, domin tambarin da ke tsakiyar yawancinsu ya daɗe da koɗewa.

Dokarsa ta ƙarshe ita ce ba a ɗaga allura sai ta kai ƙarshe da kanta. "Wanda ya yi magana, a bar shi ya rufe bakinsa," in ji shi.

Ina aji biyu na sakandare na kamu da littattafan soyayya, irin waɗanda ake haya a bakin kasuwa. Umma ta rantse duk wanda ta kama sai ya shiga murhu. Sai na riƙa ɓoye su a tsakanin faya-fayan Kawu. Wata rana na shiga na tarar da shi riƙe da ɗaya, ya sa tabarau, ya kai tsakiya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wannan saurayin maƙaryaci ne, tun shafi na goma na gane shi. Ki ci gaba da ajiyewa, amma ki cire musu bangon leda." Bai taɓa gaya wa Umma ba.

Shekaru bayan haka na haɗu da nawa maƙaryacin. An sa rana, aka fasa, na yi mako biyu ba na cin abincin kirki. Wata la'asar Kawu ya aiko a kira ni. Na cire takalmi, na kama ƙarfe, na zauna. Ya ciro wani faifai mai ɗan tabon shuɗin tawada a tsakiya, ya bi shi da buroshi a hankali kamar mai shafa kan jariri, ya ɗora allura. Waƙar daka ce ta wasu 'yan mata, da lugude da tafi. Waƙar ta ƙare. Na motsa zan tashi, ya ɗaga mini yatsa. Shiru ya biyo baya, kamar a ƙirga biyar. Sai can nesa, a hankali ƙwarai, wata murya ta ce, "Au, an gama? Ni fa yanzu na fara jin daɗinta." Sai ta yi dariya. Gajeriyar dariya ce mai ɗan shaƙewa a ƙarshe, irin ta wadda ta tuna akwai manya a wurin ta toshe baki.

"Matata ce," in ji Kawu.

Yana matashi aka gayyato 'yan matan gidan rediyon, mai ɗaukar sauti ya yi jinkirin kashe na'ura. Kawu bai ma lura da fuskarta a ranar ba. A faifan ya ji dariyar, ya yi wata uku yana cigiyar mai ita har ya gano gidansu. Sun yi shekara huɗu tare. Ta rasu Yaya yana da shekara biyu, kuma Kawu bai sake aure ba duk da surutun dangi. Na karanta littattafai sun fi a ƙirga, ban taɓa samun soyayyar da ta kama ƙafar wannan ba. Ta tsaya nesa da makirufo, shi ya sa muryar ba ta da ƙarfi. Ƙas-ƙas kaɗan ya isa ya binne ta. Randunan nan, da buhun, da rodin da ake yi masa dariya a kai, duk saboda wannan 'yar dariyar ne.

Yaya bai sani ba. Kawu mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari. Bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa ambaton mahaifiyarsa a gabansa ba. Idan Yaya ya zo gaisuwa daga Unguwar Sarki, ni Kawu yake kallo ya ce, "Ki ce wa wancan ya shigo ya ji wani abu." Yaya ya tsaya a bakin ƙofa da takalminsa mai sheƙi ya ce, "Baba, duk waƙoƙin nan fa suna cikin waya. Ka faɗi suna in sauke maka." Sau ɗaya tak ya yarda ya shiga. Kawu ya ɗora masa faifan mai tabon shuɗi. Waƙa tana ƙarewa Yaya ya miƙe ya ce, "Ta yi daɗi, Baba. Bari in gudu, ana jirana." Dariyar ta fito yana tsakar gida yana amsa waya.

Na ce zan bi shi in gaya masa. Kawu ya ce, "Kada ki kuskura. Ranar da ya zauna, zai ji da kunnensa."

Farkon ranin bara ciwon zuciya ya kwantar da Kawu a asibiti mako biyu. Ni da Umma muna can muna jinya. Yaya ya karɓi makullin ɗaki, ya ce manyan ofishinsu za su zo duba Baba idan an sallame shi, bai kamata su ga uban darakta a ɗaki mai randa ba. Bai tambayi kowa ba.

Ranar da muka dawo, Kawu ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar kullum. Ƙafarsa ta nutse a jan kafet, bango zuwa bango. Iyakwandishan yana hura busasshen sanyi. Babu randa, babu buhu. An yanke wayar, an zare rodin an shafe wurin da siminti. Faya-fayan suna cikin sabon kabad na gilashi, an goge kowanne da man goge kujeru sai ƙyalli yake, an zura shi a sabuwar leda. Rigunan takardar da rubutun hannunsa an kai su bola. Kawu ya taka kafet ɗin zuwa taga, ya miƙa hannu ga ƙarfe. Na ji tas daga inda nake tsaye. Ya janye yatsansa ya dube shi.

"Ruwan fa?" ya tambaye ni.

Da shi masu aikin suka wanke siminti kafin su shimfiɗa kafet. Jarka huɗu.

Ya zauna a bakin gado. Can ya ce wa Umma, "Ku ce masa an gode. Allah ya yi masa albarka."

Ni ban gode ba. Na tari Yaya a tsakar gida na ce masa ya san abin da ya yi kuwa? Ya ce, "Ikon Allah. Na kashe kuɗina na fitar da tsoho daga ƙauyanci, sai ki tsare ni kamar ɓarawo?" Na ce ko tambaya ai ya yi. Ya ce, "In tambayi wa? Ke? Ke dai littattafan nan sun gama da kanki. Baƙar roba ce fa, ba Alƙur'ani ba." Umma ta fito ta ce in yi shiru, yayana ne. Na yi shiru, amma na ajiye maganar a inda ba za ta ɓace ba.

Washegari Kawu ya zaro faifai ɗaya daga leda, ledar tana manne masa tana ƙara. Ya ɗora. Abin da ya fito kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. A ranar na ga abin da ban taɓa gani ba, Kawu ya ɗaga allura a tsakiyar waƙa. Mai tabon shuɗin kuwa ko taɓa shi bai yi ba. Na ce in sayo ruwan gora mu gwada. Ya ce ba a kanta za a yi gwaji ba, mu jira damina. Na ce to mu yaye kafet ɗin. Ya ce a'a, yaron zai ji kunya a gaban baƙinsa. Daga nan kullum da yamma sai ya sa a fitar masa da kujera tsakar gida, ya zauna yana kallon gabas, inda hadari ke tasowa. Saura wata biyu a yi ruwan farko ya cika. Likita ya ce zuciya ce. Ban musa ba, kwana na Allah ne. Amma na san Kawu ya yi wata ukun ƙarshe na rayuwarsa bai ji matarsa ta yi dariya ba, kuma na san wanda ya jawo.

A rana ta uku ta zaman makoki wani tsoho ya zo da sanda, abokin aikin Kawu ne tun gidan rediyo. Bayan addu'a ya dubi Yaya a gaban manyan nan ya ce, "Ɗana, ina faifan mahaifiyarka? Ka riƙe shi da kyau, muryarta ba ta ko'ina sai nan." Ina gindin taga. Na ji shirun da ya biyo baya, kuma Allah ya yafe mini, ya yi mini daɗi.

Kafin magariba Yaya ya shigo ya same ni a madafi. Babbar rigarsa ta yamutse. "Ƙanwata," ya ce, kalmar da ya yi shekaru bai faɗa mini ba. "Wanne ne?"

"Sunayen suna jikin takardun da ka zubar, Yaya."

"Amma ke kin sani."

"Na taɓa ji dai. Baƙar roba ce, duk kamarsu ɗaya."

Ƙarya na yi, na kuma san ƙarya nake yi. Na ce masa hanya ɗaya ce, a wanke su ɗaya bayan ɗaya a saurara. Ya ce zai turo mutane gobe. Na ce mutanensa sun riga sun yi nasu aikin, wannan sai da hannunsa. Ya ce to a fara. Na ce da wane ruwa?

Ya jira. Shi da kansa ya yaye kafet, ya sa aka cire iyakwandishan. Ya je Babbar Kasuwa ya sayo randa biyu ya ɗauko a bayan motar ofis. Ya fasa simintin da ya sa aka shafe, ya kafa sabon rodi. Aka yi ruwan farko ya bugo mini waya, na ce na wanke kwano ne. Aka yi na biyu ya sake bugowa. Ranar na uku darakta guda yana tsaye a ƙarƙashin indararo da bokiti, ya jiƙe sharkaf, telan layinmu yana leƙe yana cewa, "Ranka ya daɗe, ko ƙarfen ne ya yi tsiro?"

Kowace Asabar da safe yana zuwa. Ya cire takalmi, ya kama ƙarfe, ya wanke goma. Man kujerun nan ba ya fita sai an yi wanki biyu, wani uku. Idan sun bushe ya ɗora su ɗaya-ɗaya yana kasa kunne ko zai ji wata mace ta yi abin da zai ce masa ita ce. Niyyata in sa mai tabon shuɗin a ƙarshen layi, ya yi wata bakwai yana durƙuso. Ban da haka ni ma tsoro nake ji. Ban san ko dariyar ta tsira daga man nan ba, kuma ban iya gwadawa ni kaɗai ba.

Umma ce ta karya ni. Ta ce, "Maraya ne fa, uwa da uba. Ke ba ki ga yadda ya rame ba? In yayana yana raye zai yarda da wannan?" Na san ba zai yarda ba. A Asabar ta bakwai na ɗora faifan a saman na ranar.

Ya wanke shi da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Hannunsa ya fara koyo. Da ya bushe ya ɗora shi a kan fatar, ya sauke allura. Lugude ya tashi, tafi ya biyo, sauti tas babu toya ƙosai. Na kama bakin zanena da hannu biyu. Waƙar ta zo ƙarshe. Shirun nan ya fara. Na ƙirga ɗaya. Na ƙirga biyu.

Yaya ya yi tsaki ya ɗaga allura.

"Wannan taron 'yan mata ne kawai," ya ce. "Miƙo na gaba, ina da ɗaurin aure ƙarfe biyu."

Tun ranar farko na riga na gaya masa dokar Kawu a kan allura. Ya ce ya ji. Na dube shi, na dubi hannunsa, na tuna tsohon nan a kujera yana kallon gabas. Na miƙa masa na gaba.

Bayan ya tafi na rufe ƙofa, na kama ƙarfen taga na ƙirga uku, na mayar da allurar kusa da ƙarshe. Tana nan. Ta ɗan ƙara nisa, kamar mai magana daga wani ɗaki, amma tana nan, har da shaƙewar ƙarshen. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Da na gama na yanka wa faifan sabuwar rigar takarda, na mayar da shi cikin waɗanda Yaya ya ce ya gama da su.

Ya Allah, Ka yi wa Kawu rahama, Ka sanyaya kabarinsa kamar yadda ya sanyaya mana gidansa. Ka haɗa shi da ita a inda zai ji ta kusa, babu abin da ya shiga tsakani. Ni kuma Ka sassauta mini zuciya, amma ban ce yau ba.

Yaya yana nan yana zuwa, ya wuce rabi. Kawu ya hana ni gaya masa, kuma ban gaya masa ba, rubutawa na yi. Zan tura masa wannan kamar yadda zan tura wa sauran dangi. Faifan yana layi na biyu a kabad, na huɗu daga hagu, mai tabon shuɗi a tsakiya. Na ajiye wannan bayanin a nan ƙasa da gangan. In ya karanta har nan, hakkinsa ne, ya zo ya ji uwarsa. Ni dai Asabar mai zuwa zan cika randa, in zauna in ga da wane faifai zai fara.